Gida Goma Sha Uku a Katin Malam

Ni ba marubuciya ba ce. Karatuna bai wuce wanda aka koya wa matan masu bishara ba, amma na gaji da ba da labarin nan da baki, don duk ranar da na fara sai kuka ya tare ni a tsakiya. Shi ya sa na ce bari in zuba shi a takarda, wanda ya karanta ya ɗauki abin da zai amfane shi. Labarin jinyar maigidana ne, Malam Bitrus, da yadda muka yi ta neman nufin Allah a sama alhali ya riga ya damƙa mana shi a hannu.

Mu mutanen wajen Pauwa ne, ƙasar Ƙanƙara. Iyayenmu Maguzawa ne, mu muka fara bin Almasihu a gidajenmu. Da Malam ya gama makarantar masu bishara sai aka tura mu Unguwar Ɗinya, wani ƙauyen manoma can cikin daji tsakanin Faskari da Sabuwa. Muka tafi da ɗiyarmu Tabita tana goye. Masu bi a garin ba su cika ɗaki ɗaya ba, sauran duk suna kan al'adar kakanni. Babbansu shi ne Baba Tanko, sarkin noman garin, wanda ba a sa iri a ƙasa sai ya yi yanka a bakin gonarsa. Malam ya ɗora ransa a kan tsohon nan. Kullum da la'asar yana ƙofar gidansa, su yi ta muhawara kamar za su doki juna, su rabu suna dariya.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kowa ya haukace. Samari suka jefar da fartanya suka nufi birni. Yaya Ɗanjuma, wan Malam, ya samu aiki a kamfanin masu shimfiɗa kwalta a Kaduna. A kakarmu ta biyu sai ga shi bisa sabon babur, da agogo a hannu da rediyo rataye a kafaɗa. Ya ce ya samo wa ƙanensa aikin kula da sito, akwai ɗaki mai rufin kwano, akwai famfo a tsakar gida.

Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Wadda take tafiya rafi sau uku a wuni ita ta san daɗin kalmar famfo. Na ce wa Malam, "A Kaduna ma ai akwai masu buƙatar bishara."

Ya dube ni ya ce, "Maman Tabita, bari mu ji abin da Ubangiji zai ce." Maganarsa ke nan a kan komai, ko akuya za a saya. Na ce mashi Ubangiji ya riga ya yi magana, ga ta nan bisa babur. Bai yi dariya ba, kuma na ga maganar ta sosa mashi rai. Matan ikkilisiya suka ji, aka fara cewa matar Malam idonta yana birni. Wannan abin ya zauna mani a zuci, ku riƙe shi, don zai dawo.

A makon da Yaya Ɗanjuma ya koma Malam ya fara tari. Muka ce ƙaiƙayin sussuka ne. Na dafa mashi citta da kanumfari, na sa zuma. Mako na biyu tarin bai tafi ba, zazzaɓi kuma ya fara zuwa kullum da yamma kamar mai karɓar haraji. Mako na uku wandonsa ya fara zamewa, sai da na ƙara wa mazagin ƙulli. Yana tsakar wa'azi tari ya sarƙe shi, ya dafa tebur, jama'a su jira.

To, a nan ne masu fassara suka taso. Yaya Ɗanjuma ya aiko da wasiƙa cewa ciwon nan alama ce, Allah na korarsa daga daji. Dattawan ikkilisiya suka ce a'a, Shaiɗan ne ke son ya tsorata shi ya gudu, don haka ya tsaya daram. Ni kuma ina gefe ina goyon bayan wasiƙa a ɓoye. Kowa ya mai da tarin nan saƙo daga sama yana karantawa. Cikinmu duka ba wanda ya ce wannan tari ne, a kai shi asibiti.

Mako na huɗu Inna ta iso, mahaifiyarsa. Ita ba ta bi Almasihu ba, amma tana son ɗanta kamar ranta. Ta sa ya buɗe baki ta leƙa, ta ce, "Ai ga shi nan, beli ne ya sauko yana sosa mashi maƙogwaro. Ku kira wanzami." Malam ya ƙi layar da ta kawo, amma ya ce yankan beli ba tsafi ba ne, kuma ba ya son ya ƙi mata abu biyu a rana ɗaya. Aka kira wanzami ya yanke. Jini ya yi ta zuba har ya jiƙa zane, kwana huɗu ko kunu ba ya wucewa sai da hawaye. Tarin kuwa yana nan inda yake. Da jini ya fara fitowa cikin kakinsa muka ce na yankan ne, muka ƙara ɓata mako biyu a kan wannan.

Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumbu, ranar na daina jiran shawarar kowa. Na je na durƙusa wa Baba Tanko, don shi kaɗai ke da amalanken shanu a garin. Nan take ya ɗaura wa shanun karkiya, ya kai mu bakin hanya da kansa. Daga nan muka samu motar auduga ta kai mu babban asibiti.

Wanda bai taɓa layin asibiti ba bai san haƙuri ba. Wuni guda muka yi kafin mu samu kati. Kashegari aka karɓi kakinsa a ɗan kwalba, rana ta uku aka ɗauki hoton ƙirji. Masu gadin ɗaki suna korarmu kamar kaji, mu 'yan jinya muna zube ƙarƙashin dalbejiya da tukwanenmu. Abinci a bakin asibitin ya yi tsadar da ban taɓa gani ba, mai tuwo ta ce mani in ban iya saya ba in matsa, zamanin kuɗi ne. Tumakina biyu suka tafi a wannan zaman. Amma a nan kuma na haɗu da wata Hajiya mutuniyar Ketare, mijinta na gado kusa da na Malam. Ita ta koya mani in ware mashi kwanonsa da moɗarsa in riƙa tafasawa. In ta dama fura sai ta raba biyu ta turo mani, in na tafi wanki ta riƙe mani Tabita. Ban san ko tana raye ba, Allah ya saka mata da alheri.

Likitan wani ɗan tsoho ne baƙo, Hausarsa a karye, nas ke gyara mashi. Ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mana wani farin tabo, ya ce tarin fuka ne. Ya leƙa bakin Malam ya ga wurin yankan, ya girgiza kai kawai. Sannan ya ɗauko kati mai launin ƙasa, an ja mashi gidaje goma sha takwas. Ya ce allura sittin, kullum ɗaya, bayan haka ƙwayoyi kowace safiya. Duk wata a dawo a karɓi sababbi, nas ta cike gida ɗaya, har gidajen su ƙare. Ya riƙe hannun Malam ya ce, "Wannan ciwo maƙaryaci ne. Zai yi kamar ya mutu, barci yake. Ranar da ka ji ka warke, ranar ka fi shiga haɗari." Ya sa muka maimaita, ni da shi, kamar 'yan makaranta. Na maimaita da bakina.

A kan gadon nan Malam ya yi addu'ar da ta zama mana abin da ta zama. Ina zaune a gefensa da hantsi ina ba shi koko, ya ce, "Ya Ubangiji, na gaji da jin bakin mutane. In nufinka ne in zauna Unguwar Ɗinya, ka tashe ni daga gadon nan in koma da ƙafata. In ba haka ba, ka bar ni kwance." Na ce amin, zuciyata rabi da rabi.

Bayan mako uku aka sallame mu, aka ce sauran allurar a ƙarasa a asibitin sha-ka-tafi na Sabuwa. Wani Alhaji mai sayen auduga, wanda ya san Malam a kasuwa, ya ba mu ɗaki a zaurensa, ya ce mu zauna har mu gama, bai karɓi komai ba. Kullum da safe in raka Malam, malamin asibiti ya tafasa allurarsa ya tsira mashi. Ɗuwawunsa duk ya yi tauri, zama sai a karkace. Kunnuwansa suka riƙa yi mashi ƙara, wani lokaci in ya miƙe jiri ya kwashe shi. Amma zazzaɓin yamma ya ɗauke. Tarin ya ragu. Wata rana ya cinye malmala biyu ya ce a ƙara, na fita bayan ɗaki na yi kukan murna.

Muka koma Unguwar Ɗinya, kuma da ƙafarsa ya shiga garin daga bakin hanya. Ya ce mani, "Kin ji amsar?" Na ce na ji. Ya rubuta wa Yaya Ɗanjuma cewa a ba wani aikin sito. Ni ma na haƙura da famfo, don mijina a tsaye ya fi mani Kaduna da abin da ke cikinta.

Ƙwayoyin suna cikin wani gwangwanin madara bisa bangon ɗaki, katin kuma cikin aljihun rigarsa ta Lahadi. Duk wata ya hau keke zuwa bakin hanya, ya shiga mota, ya kwana biyu, ya dawo da gwangwani cike. Gida ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Kumatunsa suka dawo, har ya fara sharar gona. Mutanen gari da suka riga suka yi mashi ta'aziyya a zuci suka riƙa zuwa kallonsa.

Yanzu sai in gaya maku wata al'ada tamu ta wancan lokaci. Duk wanda ya bar tsafi ya karɓi Almasihu, akan hura wuta a bayan majami'a bayan sujada. Ya kawo duk abin da yake dogara da shi a da, layu da guraye da kambuna da ƙahonin binnewa a gona, ya zuba a wuta da hannunsa a gaban jama'a, mu mata muna waƙa muna buga tukwane. Ni ma haka na yi da nawa ina budurwa, Malam ma haka.

Ana gab da ruwan shuka, lokacin da gari ke jiran Baba Tanko ya yi yankan gona, sai ga shi ran Lahadi a ƙofar majami'a da buhu a kafaɗa. Ya ce, "Na ga mutumin da na ɗauka a amalanke kamar gawa, yau ga shi yana noma. Allahn da ya tashe shi, shi zan bi." Shekara biyu Malam yana roƙon wannan rana. Shi da kansa ya hura wutar.

Rabin gari ya taru. Baba Tanko ya kwance buhu ya fara jefawa ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani tsohon ƙaho da ya gada daga kakansa. Ya riƙe shi ya tsaya. Ya juyo ya ce, "Malam, in tambaye ka. Ni ga abin dogarata, zan sa a wuta. Kai fa? An ce mani kana da wani gwangwani da kake haɗiya daga ciki kowace safiya, in ba ka haɗiya ba mutuwa za ka yi. To wa ya tashe ka, Allah ko gwangwani? Hwaɗa mani gaskiya kahin in saki wanga ƙaho."

Ba da mugunta ya yi tambayar ba. Mutum ne da zai rabu da gadon kakanninsa, yana son ya tabbata ƙasar da zai taka za ta ɗauke shi. Kuma tambayar tana da amsa mai sauƙi, wadda ko yaro zai iya bayarwa yau: Allahn da ya ba ka gero shi ya ba ka fartanya. Amma a wannan lokaci, da wuta na ci da idanun gari a kanmu, amsar ba ta zo wa kowa ba. Na ga Malam yana kallon ƙahon, yana kallon mutanen da ke bayan tsohon, waɗanda duk inda ya taka nan za su taka.

Ni na motsa. Ba wanda ya aike ni. Na tuna ana cewa matar Malam idonta yana birni, na ce yau za su ga bangaskiyata. Na ruga gida na ɗauko gwangwanin na kawo na sa wa Malam a hannu, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, nuna masu wanda ya tashe ka."

Ya dube ni. Har yau ban san abin da ke cikin kallon nan ba, ko godiya ce ko roƙo. Ya buɗe murfin ya juye ƙwayoyin a wuta. Baba Tanko ya saki ƙahonsa. Mata suka ɗauki guɗa, ni ce kan gaba. Ranar mutum goma sha ɗaya suka ba da gaskiya, muka ce ba mu taɓa ganin nufin Allah a fili kamar yau ba.

Wata ya cika bai koma asibiti ba. Malamin asibitin Sabuwa ya aiko a tambaya, Malam ya ce a gaya mashi ya warke. Sau ɗaya maganar likita ta faɗo mani ina daka, na ture ta, na ce wannan muryar rashin bangaskiya ce. Wata biyu lafiya lau, ya yi shuka, ya yi noman farko, ya yi maimai. Majami'a ta cika har aka fara maganar ƙara mata tsawo.

Da marka ta kankama tarin ya dawo. Ya riƙa ɓoye mani, yana zagayawa bayan rumbu in zai yi. Na gane ne da na ga ƙasa da aka tura da ƙafa an rufe jini. Na ce mu tafi asibiti yau. Ya ce, "In na tahi yanzu, mi zan ce wa waɗanda suka ƙone kayansu?" Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ni na jawo, ni zan tsaya gaban jama'a in ce na yi kuskure. Ya ce a ba shi mako ɗaya ya yi addu'a. Mako ɗayan ya zama uku. Da ya yarda kuma, rafin da ke tsakaninmu da hanya ya cika ya batse, kwana tara ba mai ƙetarewa. Ina zaune ina kallon mijina yana narkewa, ruwa na zuba kamar ba zai tsaya ba.

Ranar da rafin ya janye, maza huɗu suka ɗauke shi a kan ƙyaure suka ƙetare, Baba Tanko na gaba yana gwada zurfi da sanda. Likitan nan dai muka tarar. Ya karɓi katin ya ƙirga gidajen da yatsa, ya tsaya a na biyar. Bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mani sauƙi. Ya ce ciwon ya farka, kuma yanzu ya san maganin, ba lallai ya ji tsoronsa kamar da ba. Aka sake sa allura. Mako na farko muka sa rai. Mako na biyu ƙafafunsa suka kumbura. Mako na uku numfashi ya zama aiki, magana sai ya huta a tsakani.

Yaya Ɗanjuma ya zo daga Kaduna da lemo da madara, ya tsaya a bakin gado yana cewa da an ji maganarsa da ba a kai haka ba. Na ce mashi, "Yaya, don Allah ka bari. Kowa a cikinmu ya faɗi nufin Allah, ga inda muka kai shi." Ya fita waje ya zauna bisa baburinsa yana kuka. Inna kuwa tana ta shafa wa Malam ƙafa.

Malam ya roƙa a mai da shi Unguwar Ɗinya, likita bai hana ba. Gero ya fara nuna lokacin. Muka shimfiɗa mashi tabarma a inuwar ɗinyar ƙofar gida, don ya ce yana son ya riƙa ganin majami'a. Kwana biyu kafin ya cika, da hantsi, ya ce in ɗauko mashi katin. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallo.

Na ce, "Malam, ka yafe mani. Ni na ɗauko gwangwanin."

Ya ce, "Ke kika ɗauko, ni na juye. Na yafe maki, ke ma ki yafe mani." Ya huta, sannan ya ce, "Na roƙi Allah ya tashe ni, ya tashe ni. Ya aiko likita, ya aiko Alhaji da ɗaki, ya aiko amalanke. Ya rubuta mani abin da zan yi, gida goma sha takwas, ba wani ɓoye-ɓoye. Na karanta biyar na ce na gane sauran. Ina son ya yi magana da tsawa, shi kuwa ya yi da kati."

Na tambaye shi ko zamanmu a garin kuskure ne. Ya girgiza kai ya ce zaman daidai ne, gaggawar ce tasa. Ya ce, "Na ɗauka in ban taimaki Allah ba a ranar nan zai ji kunya." Sai ya kama hannuna ya ce, "Abu ɗaya. Kada ki bari Baba Tanko ya ɗauka shi ya kashe ni. In ya koma ga ƙahonsa saboda ni, na mutu sau biyu."

Ya cika ran Alhamis da azahar, kansa a cinyar Inna. Yana da shekara talatin da huɗu. Baba Tanko ne ya fara sara kabarin, ya ƙi ba kowa magirbin har hannunsa ya fashe.

Bayan kwana bakwai tsohon ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, ya cire hula. Ya ce, "Ɗiyata, bakina ya ci mijinki." Gaskiya a lokacin raina yana tafasa, ina son in samu wanda zan ɗora wa. Amma na tuna abin da aka bar mani. Na ce, "Baba, tambaya ka yi, kuma tambayarka daidai ce. Mu ne ba mu iya amsa ba. Amsar ita ce Allah ya tashe shi, kuma da gwangwanin ya tashe shi, kamar yadda yake ciyar da kai da fartanyarka." Ya ce, "Da kun hwaɗa mani haka, ai da na yarda." Wannan magana ta fi mutuwar yi mani ciwo, kuma har gobe tana yi.

Yaya Ɗanjuma ya ce in tattara in bi shi Kaduna, iyayena suka ce in koma Pauwa. Ina cikin wannan tunani sai Tabita ta fara tari. Shekararta huɗu. Na ji sautin tarin daga bakin murhu, muciya ta faɗi daga hannuna. Wata tsohuwa ta ce a duba mata beli, wani dattijo ya ce a tara ikkilisiya a yi azumin kwana uku a ji abin da Ubangiji ke faɗi. Na ce ku yi azumin, Allah ya karɓa, ni na riga na ji. Na goya ta na fito, sai na tarar da Baba Tanko ya riga ya ɗaura wa shanunsa karkiya.

Ciwon babanta ne. Aka ba ta nata katin, irin nasa sak. Ban tafi Kaduna ba, ban koma Pauwa ba, don daga Unguwar Ɗinya na san hanyar asibiti da kowane ramin da ke cikinta. Kowace safiya in murƙushe ƙwayar a cokali da zuma, ta yi kuka, ta tofar, in sake. A wata na huɗu ta warware tana tsalle a tsakar gida, mutane suka fara cewa ai ta warke, a bar wahalar da yarinya. Ni dai na ci gaba da ba ta. Duk wata Baba Tanko ke kai mu bakin hanya, rani da damina. Da rafi ya cika, a wuyansa ya ɗora ta ya ƙetare, ruwa har ƙirjinsa, yana riƙe da katin a baki kada ya jiƙe.

Ranar da nas ta cike gida na goma sha takwas, na karɓi katin na ƙirga gidajen sau biyu. Lahadin da ta biyo na miƙe a majami'a lokacin shaida, na ɗaga gwangwanin Tabita, babu komai a ciki. Na ce, "Ga wanda Allah ya yi aiki da shi. Mun shanye shi tas." Ba wanda ya yi guɗa. Baba Tanko ya sunkuyar da kai yana hawaye.

Don haka ku da kuke karantawa, in tari ya wuce mako biyu ku kai mutum asibiti, ku yi addu'ar a kan hanya. Kada ku yanka beli. In an ba ku kati ku cike shi har gidan ƙarshe, ko da mai ciwon yana dambe. Kuma in wani ya tsaya a gaban jama'a yana neman amsa, kada kunya ko son a yabe ku ta sa ku yi wa Allah gaggawa. Na gode wa Hajiyar Ketare, da Alhajin Sabuwa, da likitan da ya gaya mana gaskiya muka ƙi ji.

Katunan biyu suna nan tare a cikin akwatina. Da Tabita ta fara karatu ta ɗauko su wata rana ta jera a tabarma, tana ƙirga nata tana ƙirga nasa. Ta ce, "Mama, me ya sa na Baba saura goma sha uku?"

Na zaunar da ita na gaya mata duka, har da wanda ya ruga gida ya ɗauko gwangwanin. Ta saurara har na gama. Sai ta ɗauki fensirinta ta ce ko ta cike mashi.

Na ce a'a, ki bar su haka.